Faifan Taurarin Sallau

Ku matso kusa. Ilu, rage fitilar nan. Wanda ya san zai yi fitsarin kwance ya tashi tun yanzu.

A bakin kogin Yawuri an yi wasu masunta, wa da ƙani, Nomau da Sallau. Wata rana Sallau ya ƙetare da wani malamin makaranta a kwalekwale, malamin ya ba shi kyautar faifan taurari. Kwali ne zagayayye, biyu a haɗe. Ka murza na sama ya dace da wata da lokaci, sai taurarin daren su fito a 'yar tagarsa.

Shi ke nan fa, gari ya ɗauka. Kullum bayan isha'i a kewaye Sallau, ya ɗaga faifan bisa kansa, ya nuna Kaza da 'ya'yanta, ya faɗi sa'ar da Gamzaki zai fito. Har tsohonsu ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." Nomau yana ji. Wallahi kamar ya haɗiyi garwashi.

"Yaya, zo in nuna maka yadda ake riƙe shi."

"Ni? Ni na goya ka fa. Je ka ci gaba da ɗaga shi kamar mai tallan fura."

Hassada mugun ciwo. Da kowa ya yi barci, Nomau ya zare faifan, ya tuƙa zuwa tsibirin yashi shi kaɗai. Ya zauna, ya ɗora shi a cinya. Ya murza, ya murza. Bai gane komai ba.

Kwaɗi suka yi tsit.

"Sannu da aiki."

Wani dogon mutum ne tsugune a gabansa. Amma muryar daga bayan ƙeyarsa ta fito. Yashi jiƙe yake, babu sawu ko ɗaya.

"Ka ga taurari biyun nan a faifai, manne da juna?" in ji baƙon. "Na gabas naka. Na yamma na ƙaninka. Danne wanda ka ga dama."

"In na danne fa?"

"Ya mutu a sama. Mai shi ya daina ganin dare."

Nomau ya tuna albarkar da tsoho ya sa. Zuciya ta ciyo shi. Ya dubi inda rana ke faɗuwa, ya sa babban yatsa a wannan ɓangaren, ya danne.

Ɗif! Duhu ya rufe. Ba tauraro ɗaya ba, duka. Ya ji dariya tana nutsewa cikin ruwa.

Da asuba Sallau ya same shi yana lalube a yashi, yana kuka. Da gari ya waye idonsa ya buɗe, ya faɗi komai, bai ɓoye ba. Sai Sallau ya tambaye shi.

"A cinya ka riƙe shi?"

"E."

"Yaya, sama ake ɗaga shi. A cinya, gabas yamma take komawa. Naka ka danne. Abin da na so in nuna maka ke nan."

Har yau Nomau yana nan da dunduminsa. Rana na faɗuwa, shi da makaho ɗaya. Kun san wa ke riƙe hannunsa zuwa masallaci kullum isha'i? Sallau. Suna tafe yana gaya masa, "Kaza ta fito, Yaya, tana bisa kanmu."

Don haka kada in ji wani ya je tsibirin nan shi kaɗai, balle da abu a zuciya. Ilu, sakar min riga.