Zuga-zugin Cikin Gidan Tarihi

"Ni 'yata ba za ta auri mai gadin gumaka ba! Duk mazan garin nan, sai mai share wa mutum-mutumi ƙura?"

Maigidana ke nan, maƙeri ɗan maƙeri. Auta tana bayan labule, idonta ya yi jajir.

Laifina ne ma. Asibitin babban birni ta raka ni saboda gwiwata, aka ce mu dawo bayan azahar. Maimakon zaman banza muka shiga gidan tarihi da ke tsallaken titi. Yaron da ke zagayawa da baƙi yana musu bayani ya ga ina ɗingishi, ya kawo min kujera. Ni ya ba kujera, amma Auta yake kallo. Tun ranar take ce masa Jagora.

Wata shida ina roƙo, da kyar maigidan ya ce zai je ya gani da idonsa. Mai kemis ɗin layinmu kuwa har ya fara aiko da gaisuwa.

Auta ta nuna min saƙon Jagora: "Sanyin idona, ki daina kuka. Zan nuna wa Baba komai, ba ɓoye-ɓoye. Ki ci abinci don Allah."

Ta mayar masa: "Jagorana, in Baba ya yi faɗa ka yi shiru. Duk abin da ya ce, ka ce to."

Ranar Asabar muka je gidan tarihin, ina ta addu'a a mota. Jagora ya durƙusa ya gaishe shi, maigidan ya amsa a daƙile. Tsoffin takubba, tukwane, littattafan da aka rubuta da hannu, duk ya wuce su. Sai muka iso ɗakin sana'o'i. Ga mutum-mutumin maƙeri zaune bayan igiya, an haɗa masa maƙera da murhu.

Na ce a raina yau za a yi ta.

"Wa ya ajiye zuga-zugin nan haka?" in ji maigidan. "Bakinsa na kallon bango! Bango zai hura wa iska ko wuta?"

Ya ɗaga ƙafa zai tsallake igiya. Jagora ya sha gabansa.

"Baba, ka yi haƙuri, ba a taɓawa."

"Ni? Shekara arba'in ina ƙira!"

"Gaskiyarka ce, Baba, kuskure ne, zan rubuta wa shugabanmu. Amma amana aka ba ni. Ko mahaifina ne ba zan bari ba."

Auta ta damƙe hannuna kamar za ta karya. Maigidan ya juya ya fita, ko sallama babu.

Kwana uku maigidan yana cin magani. Auta ta rame, ni kuma tukunya biyu na ƙona. Rana ta huɗu bayan sallar asuba ya ce, "Ki gaya wa yaron can ya turo manyansa."

Na ce, "Wane yaro? Mai kemis?"

"Mai gumaka! Yana son 'yata kamar ransa, amma ya hana ni taɓa kayan amana. In na ba shi Auta, wa zai bari ya taɓa ta?"

Na faɗi na yi sujada a nan tsakar gida.

An ɗaura aure lafiya, alhamdu lillahi. Da za su tafi suka durƙusa gaban maigidan, ya dafa kansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin magana." Muka ce amin. Bai saki hannun Jagora ba, ya yi ƙasa da murya.

"Yanzu dai na zama ubanka. Zuga-zugin nan yana hana ni barci. Gobe kafin baƙi su zo, ka ɗage min igiyar nan, minti biyu kacal. Ka ji, ɗana?"