Lamba Arba'in da Biyu

Ranar da ta fara shiga shagonsa, da ƙarya ta shiga. Tela ce, wuni take a kan keke, har likita ya ce ta fara ɗan gudu da safe kafin hawan jini ya kama ta. Ta nuna wani takalmi ruwan toka ta ce, "Lamba arba'in."

Mai shagon ya kalli ƙafarta, ya kalli fuskarta.

"Ranki ya daɗe, ki dawo da yamma."

Kai! Daga shigowa sai maganar yamma? Ta haɗe rai. "Malam, takalmi na zo saya, ba zance ba."

Ya yi dariya har da dafa tebur. "Wallahi ba haka nake nufi ba. Ƙafa kumbura take yi idan an wuni a kanta, shi ya sa da yamma ake gwada takalmin gudu. Kuma ko yanzu na duba, arba'in da biyu ce taki."

Nan fa ya taɓo inda yake mata ciwo. Tun tana ƙarama ake kiranta Ƙafar Baba a gida, don ƙafar marigayi mahaifinta ta ɗauko, doguwa, faffaɗa. Mama ce ta koya mata rage lamba, wai mace ba ta faɗin gaskiyar ƙafarta. Ta fice ba sallama, ta sayi arba'in ɗinta a shagon gaba.

Ba a daɗe ba ta dawo tana ɗingishi, ƙwauri na zogi, farcen babban yatsa ya yi baƙi. Da yamma ta zo, kuma bawan Allah bai ce mata "ai na faɗa miki" ba. Ya miƙo takalmi, ya ce ta saka da safar da za ta riƙa gudu da ita, ta miƙe tsaye.

"Danna gaban da babban yatsan hannunki. Akwai fili?"

"Akwai."

"To, ya yi. Yatsu ma suna son wurin numfashi."

Ta taka, ta sake takawa. Sai ta ji ƙwalla ta cika mata ido. Ashe haka sauran mutane ke ji idan suna tafiya?

Daga nan saƙonninsa suka fara shigowa wayarta.

"Barka da asuba. Ki fara da tafiya har jiki ya ɗumama, sannan ki ɗan yi gudu. Idan ƙwauri ya yi magana, ki saurare shi."

"To, likitan ƙafa."

"Gobe hutu ne. Ƙafa ma tana da haƙƙi, Tauraruwata."

Ta daɗe tana kallon kalmar ƙarshe, keken ɗinki na jiranta. Ta san ta kamu, kuma ba ta yi wa kanta musu ba.

Da maganar ta kai ga Mama, sai ta tafa hannu. "Mai takalmi? Mutumin da sana'arsa durƙusa wa ƙafafun jama'a? Ga ɗan ƙawata, ma'aikacin banki, yana ta naci!"

Ɗan ƙawar kuwa ba shi da laifi. Har kyauta ya aiko, takalmi mai tsini, kyakkyawa, lamba arba'in, don Mama ya tambaya.

Labari ya kai wa mai takalmi, saƙonninsa suka ɗauke kwana da kwanaki. Sannan ya rubuto: "Ba zan shiga tsakaninki da Mama ba. Idan shi ne daidai da ke, Allah ya sa alheri."

Ta amsa: "Kai ka koya mini yadda ake gane daidai. Ka jira ni."

Ta sami Mama a ɗaki tana ninke kaya. Ta cusa ƙafa cikin takalmin kyautar, ta je ƙofa ta dawo, fuskarta ko gezau.

"Kin gani? Ya zauna miki ɗas!" in ji Mama.

"Zan iya sa shi, Mama, na saba. Tun ina ƙarama nake matsewa in yi murmushi. Amma shi takalmi, idan na dawo gida cirewa nake yi. Aure fa, a ina zan cire shi?"

Mama ta ajiye zanin da ke hannunta. Ta jawo ƙafar, ta zare takalmin da kanta. Ga jan shati a gefen yatsu, ga sabon farce yana fitowa inda baƙin ya faɗi. Ta daɗe tana shafawa.

"Ƙafar mijina," ta ce a hankali. "Shi bai taɓa jin kunyarta ba." Ta share ido da bakin mayafi. "Ki ce wa yaron ya turo manyansa."

Ranar ɗaurin aure, wata gwaggo ta ɗaga takalmin da ango ya kawo ta ce, "Wannan jirgin ruwan fa, na waye?"

Mama ce ta karɓe zancen, da ƙarfi, gaban kowa: "Na 'yata ne, arba'in da biyu. Allah ya yi musu albarka, ya sa su taka tare har tsufa."

Ɗaki ya amsa da amin. Amarya ta saka takalmin, ta motsa yatsunta a ciki, ta ji akwai fili.