Mayaƙin Abba

Da kafaɗa Auta ta tura ƙofar shagon, don hannayenta biyu suna rungume da tsohuwar kwamfutar Abba, irin mai ƙaton akwatin nan da aka daina yayi. Saurayin da ke bayan tebur ya ajiye sukundireba ya taso da sauri ya karɓi kayan. Dogo ne, tabarau ya zame masa zuwa karan hanci, kuma sai da ya dire akwatin sannan ya dube ta sosai, ya ɗan rikice, ya sake yi mata sannu da zuwa karo na biyu.

Ya buɗe cikin kwamfutar ya haska da fitilar waya. Ya ce gaskiya ta gama aiki, amma ma'ajiyar da ke riƙe bayanai da alama tana da rai. Me take so a ceto, hotuna ko takardu?

Auta ta gyara mayafi, ta kalli ƙasa.

"Gem ne, Malam. Na mahaifina."

Ta jira dariya, ba ta zo ba. Sai ta samu bakin yi masa bayani. Abba tsohon mai auna filaye ne, tun tana goye yake buga wani tsohon wasa na ƙasar duwatsu da dodanni, yana renon mayaƙi guda ɗaya mai takobi da garkuwa. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ya yi rauni, harshe ya yi nauyi, duk gidan ita kaɗai ke gane maganarsa. Tun dawowarsa daga asibiti bai roƙi komai ba, sai jiya da ya ce a kunna masa mayaƙinsa, kwamfutar kuwa ta ƙi tashi.

Da ta faɗi sunan wasan, fuskar saurayin ta washe. Ya ce a kansa ya fara son kwamfuta, har ya je ya karanto ta. Ya tambayi matakin da mayaƙin ya kai, ta ce ita dai ta san yana da gemu.

Wannan karon ya yi dariya, ita ma ta yi.

Ya kwashe wasan da ajiyar inda mayaƙin Abba ya kai ya zuba a laftof ɗinta. Ta adana lambarsa da sunan Injiniya, wai don tsokana.

Washegari da safe ta tura masa saƙo: "Injiniya, gyaranka bai yi ba. Allo ya yi baƙi ƙirin, sai kiɗa kawai. Abba yana hararata kamar ni na cinye dodannin."

Ya amsa: "Autar Abba, a yi min afuwa. Wasan ya girmi laftof ɗinki, dole a lallaɓa shi. Danna shi da maɓallin dama, ki zaɓi ya tashi da tsohon tsari, ki rage girman allo. In ya ƙi, ki ce masa ni na aiko ki."

Hoto ya fito. Amma sai mutanen cikin wasan suka riƙa gudu kamar an watsa musu ruwan zafi. Ya koya mata yadda za ta rage saurin. Aka gyara wannan, sai wasan ya ɗauki halin mutuwa duk lokacin da mayaƙin ya taka gadar shiga birni. Injiniya ya ce wannan ba ta waya ba ce, akwai wani faci da masoyan wasan suka haɗa, sai ya zo da kansa.

Ranar da ya zo, Auta ta canza mayafi har sau biyu, Umma tana kallon ta ta wutsiyar ido.

Ya durƙusa ya gaida Abba a falo, ya sa facin, mayaƙin ya haye gada lafiya. Sai dai wata matsalar ta fito wadda ba ta na'ura ba ce. Shekara da shekaru, duk matakin da mayaƙin ya hau aka ba da maki, Abba a ƙarfi yake zubawa, bai taɓa waiwayar zafin nama ko basira ba. Irin wannan mayaƙi sai an shiga tsakiyar abokan gaba ana sara da sauri, hannun Abba kuwa ba ya iya bin maus. Wasu kuraye da a da ko kallo ba su ishe shi ba suka kayar da shi, ya sake gwadawa suka sake kayar da shi. Ya ture maus ɗin ya faɗi ƙasa, ya juya fuska bango.

Auta ta ji hawaye na taho mata. Injiniya ya ɗauki maus ɗin ya ajiye gefe, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar Abba. A hankali ya ce za a iya mayar da komai kan maɓallan hannun hagu, kuma dogon maɓallin ƙasa yana tsayar da faɗa cak, mutum ya yi tunani ya ba da umarni ba gaggawa. Sannan akwai wata tsohuwa a bakin rijiya a bayan birni, in an kai mata wani ganye takan bar mutum ya sake rabon makinsa. Mayaƙin zai iya zama matsafi, ya riƙa jifa daga nesa.

Abba ya juyo ya yi magana mai tsawo. Auta ta danne dariya ta fassara: wai da furfurarsa ba zai koma tsafi ba, ko a kwamfuta.

"To maharbi fa, Abba?" in ji Injiniya. "Kwari da baka, halal ɗinka."

Gefen bakin Abba mai lafiya ya motsa. Rabon Auta da ganin wannan murmushin tun kafin asibiti.

Daga nan Injiniya ya zama ɗan gida. Yakan biyo da yamma bayan ya rufe shago, su zauna su uku suna gardamar inda za a zuba maki. Shi ya ce zafin nama, Abba ya dage a kan ƙarfi, Auta ta ce a sa wa bawan Allah basira ko kaɗan ce, kada ya tsufa da wauta. Abba ya fara yawan magana, har likitan gashin ƙashi ya yaba. In Auta ta rako Injiniya bakin ƙofa, sallamar takan yi tsawo har Umma ta yi gyaran murya daga tsakar gida.

Wata safiya tana shirin shiga aji, don tana koyar da lissafi a wata makaranta, saƙonsa ya shigo: "Autata, yau na ɗaura wa wani kwastoma batir a juye saboda tunaninki. In ba ki taimaka kin aure ni ba, shagon nan rufewa zai yi. Da gaske nake, ban taɓa son wani abu kamar yadda nake son in tsufa kusa da ke ba."

Ta karanta ta sake karantawa a bayan ƙofar aji. Ta rubuta: "Injiniyana, ka gyara wa mutane batir ɗinsu. Zan gaya wa Umma."

Umma ta yi murna. Abba kuwa da aka kai masa maganar, fuskarsa ta rufe. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ya ƙare rayuwarsa a kan wasan yara ba. Kuma ita Auta ce ta fassara wa Umma wannan da bakinta. Umma ta dubi laftof ɗin da ke kan cinyarsa, ta dube shi, ta fita. Ya ƙara da cewa ɗan amininsa, ma'aikacin bankin nan na layin bayansu, ya daɗe yana nuna sha'awa.

Kwana kaɗan bayan haka Injiniya ya ɗauke ƙafa. Saƙo ɗaya ya turo: "Ki yafe min, ba zan riƙa zuwa ba. Allah ya ƙara wa Abba lafiya." Ta kira bai ɗauka ba.

Auta ta ɗauka ya ji labarin ɗan banki ne ya tsorata, ya janye ba tare da ya ko gwada ba. Abin ya ƙona mata rai fiye da ƙin Abba. Ta daina cin abincin kirki. Da ɗan bankin ya zo gaisuwa, ta same shi mutumin kirki mai kunya, ta gaya masa gaskiya cewa zuciyarta tana wani wuri. Ya ce ya gode da ba ta ɓoye masa ba, kuma ba zai shiga tsakani ba.

Daga ƙarshe ta kasa haƙuri ta je shagon. Ta tarar da shi ya rame shi ma. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce ashe haka soyayyarsa take, daga jin an ambaci wani sai gudu.

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce bai san da wani ba ma sai yanzu. Abba ne ya kira shi a waya da kansa, lokacin tana makaranta, ya ce in yana ganin girmansa ya bar masa 'yarsa.

"Mutumin da nake zama a gindin ƙafarsa, Auta. Ba zan zagaya ta bayansa ba. Kuma ban so in haɗa ki da mahaifinki ba, shi ya sa ban gaya miki ba. Amma ban fasa ba, ko kusa. Jira nake."

Ta koma gida zuciyarta a cakuɗe, daɗi da haushi.

Ta tarar da Abba a falo yana fama. Wasan ya sake mutuwa, wannan karon a ƙofar wani kogo, ya kunna ya sake kunnawa abu ya ƙi. Ta ja kujera. Ta buɗe inda ajiyoyin suke kamar yadda Injiniya ya koya mata, ta ga ta ƙarshen ce ta lalace, ta ɗauko wadda ta gabace ta ta ɗora. Maharbin ya bayyana a bakin kogo da bakansa. Ta miƙa masa laftof ɗin za ta tashi, ya riƙo gefen mayafinta da hannun hagu.

Ya daɗe yana kallon fuskarta. Da ya yi magana, muryar ta yi ƙasa sosai. Ya ce ba wasan ba ne, ya san yaron mutumin kirki ne. Amma gidansu yana can ƙarshen gari. Ɗan amininsa kuwa ga shi nan layin baya. In ta yi nisa, wa zai gane abin da yake faɗa? Zai koma kamar kujera a falo, ana wucewa ana yi masa sannu.

Auta ta durƙusa ta ɗora kanta a gwiwarsa, ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa. Sai da ta natsu ta ɗago.

"Abba, ranar da ka kira shi a waya ka ce ya bar ni, wa ya fassara maka?"



Umma, wadda ashe tana tsaye bakin labule da tiren shayi, ta shigo ta dire shi. Ta ce tun wancan watan maganarsa ta fara fita, kowa yana ji, shi ne kawai bai yarda ba, ya maƙale wa yarinya.

"Ni da na yi shekara talatin ina fassara shirunka, maganarka ce za ta gagare ni?"

Abba ya kalli matarsa, ya kalli 'yarsa, sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Dariya yake yi, hawaye na bin gefen fuskarsa. Ya nuna wayarsa da ke kan tebur. Auta ta lalubo lambar ta kara masa a kunne.

"Yaron nan," in ji Abba, kalma bayan kalma. "Ka turo manyanka."

Ta ji muryar Injiniya a ɗaya ɓangaren yana ta godiya. Ba a jima ba saƙo ya shigo wayarta: "Autata, ina zaune a ƙasan shago. Ki ce min ba mafarki nake ba."

Ta rubuta masa: "Ido biyu kake, angona. Tashi ka je ka gaya wa Mamanka."

Aka ɗaura aure bayan 'yan watanni, gida ya cika da dangi har tsakar gida ba masaka tsinke. Da lokacin tafiya ya yi, aka kawo su su biyu gaban Abba da Umma suka durƙusa. Wani ƙanen Abba ya matso zai yi nasiha a madadinsa, Abba ya ɗaga hannu ya dakatar da shi. Ya ce da bakinsa zai yi.

Ya dubi angon ya ce yarinyar nan ba ta iya cewa ta gaji ba, tun tana ƙarama haka take, sai dai a duba fuskarta a gane. To ya riƙa dubawa. Ya dubi Auta ya ce ta yi masa abin da ba zai iya biya ba, ya yafe mata duniya da lahira, ta tafi gidanta da zuciya ɗaya.

Ya haɗa hannayensu wuri guda ya dafa.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku 'ya'yan da za su ji ƙanku."

Dangi suka amsa da amin, Umma tana share ido da bakin mayafi. Auta ta miƙe da ƙyar, mijinta ya tallafe ta, suka nufi ƙofa tare.