Ƙafar Farko a Gidan Kaka

"Khiem, fitar min da mutanen nan daga gidanmu."

Nhung ce ta faɗa, tana tsaye gaban teburin tunawa da kakanni inda turare ke ci. Safiyar sabuwar shekara ce, ranar da wanda ya fara taka gida ke shigo da sa'ar shekara ko tsiyarta. Kakarta ta daɗe tana ƙin Khiem, saurayin Nhung, sai bana ta zaɓe shi da bakinta ya fara shigowa. Kowa a ƙauyen ya san an karɓe shi suruki ke nan.

Sai gogan naka ya iso da Turawa 'yan yawon buɗe ido, har da matsawa gefe wai shi mai ladabi, wata doguwa ta riga shi shiga da takalminta.

"Haba ƙanwata, rabin raina..." ya ce ƙasa-ƙasa. "Ba ke ce a jami'a kike cewa a kawo baƙi su ga ƙauyenmu ba?"

"Ni ce. Don ina son ƙauyen na faɗa. Kai kuwa don su tafa maka."

"In ba su zo ba kowa birni zai gudu, ya bar tsofaffi da sauro."

"Su zo gobe mana. Su zo jibi, ni zan dafa musu shayi. Yau ɗaya aka roƙe ka."

Kaka na zaune a kan gadon katako, ba ta ko dubi baƙin ba, su kuma sai ɗaukarta hoto suke yi.

"Jikata," ta ce a sanyaye, "wane ne wannan ɗan rakiyar?"

Khiem ya durƙusa. "Kaka, ki yafe min, bari in fita in sake shigowa..."

"Shekara ba ta shigowa sau biyu, yaro."

Ya juyo wajen Nhung ido jajir. Tana sonsa, son da ya sa ta ji kamar ta shaƙe shi.

"Masoyiyata, ki ce wani abu."

"Daren jiya ka tuna kai Kaka ta zaɓa?"

"Na tuna. Shi ya sa na ce su zo su gani."

Ta share hawayenta, ta buɗe masa ƙofa da kanta.

"To sun gani. Ka kai su gida na gaba."