Abin da Umma Ta Faɗa wa Rikoda

A taron ɗaliban sashen nazarin halayyar ɗan Adam ya fara ganinta, kuma da musu suka soma. Yana bayanin yadda ya tambayi mutum dubu halin da suka shiga bayan rasuwar miji ko mata, sai ta ɗaga hannu daga kujerar baya.

"A cikin dubun nan, wa ka taɓa zama da shi har ya yi kuka?"

Ya gyara tabarau. "Ke mutum nawa kike nazari?"

"Ɗaya."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Shi kam bai yi ba, don idanunta sun riga sun mantar da shi inda ya tsaya. Daga ranar ta laƙaba masa Sarkin Lissafi, shi kuma yake ce mata 'Yar Guda.

Musu ya koma hira, hira ta koma abin da kowa a sashen ya gane kafin su. Ya turo mata saƙo: "Na duba alƙaluma, 'Yar Guda. Kashi casa'in na tunanina ke ce, saura kuma yunwa." Ta mayar masa: "Bincikenka da gyara. Zo ka zauna in ji daga bakinka."

Da ya kai ta gaida mahaifiyarsa, tana ɗaga labule sai ta ga fuskar da ta sani. Umma ita ce telar da take zuwa shagonta da rikoda, matar da ta zayyana mata duk abin da ke ranta tun rasuwar mijinta, bisa alkawarin ba mai ji. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ta kamar yau ta fara ganinta.

Washegari Umma ta ce ba ta yarda da auren ba, ta kuma ƙi faɗin dalili.

"Kin san Umma a wani wuri ne?" ya tambaye ta a waya.

"Kada ka tambaye ni wannan, masoyi."

"Ni za ki ɓoye wa abu?"

Ya yi fushi sosai, ya daina kira. Abin ya yi mata zafi, amma ba ta tona sirrin Umma ba.

Ta je wurin malamin da ke duba aikinta, ta ce ba za ta ci gaba da nazarin matar da take fatan ta zama surukarta ba. Ya riƙe kai. "Aikin da kika kusa kammalawa? Canja mata sana'a da shekaru, wa zai gane?"

"Ɗanta zai gane a shafin farko. Zan sake sabo."

Daga nan shagon ta nufa. Ta ajiye rikodar a kan keken ɗinki. "Umma, ga muryarki. Ba ni da wani kwafi, ki goge da hannunki."

Umma ta dube ta. "Ba ki faɗa masa ba?"

"Amanarki ce."

"Ko da za ki rasa shi?"

"Ko da zan rasa shi. Amma ina sonsa, Umma, wannan kam ba zan ɓoye miki ba."

Umma ta share ido da gefen mayafi. "Kunya ce ta kama ni, 'yar nan. Ta yaya zan zauna da surukar da ta ga hawayena?" Ta danna ta goge, sannan ta jawo ma'auni. "Miƙe tsaye. Ni zan ɗinka kayan auren."

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Umma ta ce in ba ki haƙuri, in kuma daina tambaya. Na yi na biyun, ki taimaka min da na farkon."

Ranar da aka kai amarya, Umma ta kama hannunta ta ɗora a na ɗanta. "Riƙe ta da kyau, auta, ka samu mai rufa asiri. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Suka amsa da amin. Har yau bai san abin da ke cikin rikodar ba.