Fayil Ɗin Da Noreen Ta Rufe

"Wendell Aho..."

A fili Noreen ta karanta sunan, ita kaɗai a ofishinsu na ƙarƙashin asibitin, inda babu taga, babu motsin kowa sai gurnanin injin ɗumama ɗaki.

Ranar haihuwa, tara ga Maris. Tasa ce.

Shekara bakwai tana wannan aikin: duk wanda aka gano yana da cutar daji a yankin Duluth, ita da abokan aikinta ke shigar da labarinsa a rajista. Inda ciwon ya fara, matakin da ya kai, maganin da aka yi. Ba ta taɓa ganin fuskar ko mutum ɗaya a cikinsu ba. Fayil kuwa ba ya isowa teburinta sai an yi kamar wata shida da gano cutar.

Wata shida!

Daidai lokacin da Wendell ya tsaya a ƙofar gidanta, saura sati biyar bikinsu, ya ce, "Ki yafe mini, Noreen, ba zan iya ba." Ya juya ba dalili.

Shafi na biyu na nan, dannawa ɗaya kawai. A can aka rubuta matakin. Na ɗaya ne? Na huɗu? Yana ma raye?

Amma ƙa'idar aikin ba ta da kwana. Fayil ɗin wanda ka sani ba naka ba ne, ka rufe, ka miƙa wa shugaba, ka ja bakinka. Kwamfuta tana riƙe da lissafin kowane shafi da ka buɗe.

Ta rufe.

"Lafiya, ƙawata? Kin yi fayau kamar kin ga fatalwa."

Darla ce, mai raba musu fayiloli. Su biyun ke neman kujerar Geraldine, shugabarsu, wadda za ta yi ritaya a bazara.

"Ke kika turo mini wannan?"

"Sunaye ɗari nake rabawa a sati, wanne zan riƙe?"

"Ke kika taya ni rubuta katin bikina, Darla."

Darla ta kurɓi kofinta. "Ayya... To ai sai ki leƙa. Wa zai ga laifinki?"

Kowa zai gani. Takardar shaidar aikinta ma sai ta tafi, balle kujera.

Noreen ta kai wa Geraldine lambar fayil ɗin, ta dawo ta ci gaba da aiki kan labarin wani tsoho da ba ta sani ba.

Ranar Asabar ta tuka mota zuwa Minneapolis, wurin kwas ɗin koyon shugabanci. Dole ne: sai ka tara awanninka na ƙaro ilimi kafin a sabunta maka takarda, mai neman kujera kuwa nasa ya fi yawa. Malamin wani matashi ne mai haƙora fari tas, da gani bai taɓa yin rashi ba.

"Shugaba na gari," in ji shi, "a mota yake barin zuciyarsa kafin ya shiga ofis!"

Mata arba'in suka duƙufa suna rubutawa. Yawancinsu sun ninka shi sanin duniya, amma abin da aka haska a allo kwarjini gare shi.

Noreen ba ta rubuta ba. Ita da tata zuciyar ta shiga ofis, da ita kuma ta rufe fayil ɗin. Don darajar Wendell ta rufe, ba don tsoron kwamfuta ba.

Da rana ta ɗauki farantinta ta zauna ita kaɗai a bakin taga, tana kallon dusar ƙanƙara na rufe motoci. Ta kira mahaifiyarta.

"Mama, ina so in je wurin Wendell."

"Wane Wendell? Wanda ya watsa miki ƙasa a ido? Ni na bi dangi ɗaya bayan ɗaya ina cewa an fasa! Me ya canza?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ba za ki iya faɗa wa uwarki ba?"

"A'a, Mama..."

"To ki je. Amma kada ki dawo mini da kuka."

Da kukan ma Noreen ta ajiye wayar.

Litinin da safe ta shiga ofishin Geraldine ta rufe ƙofa.

"Ki cire sunana daga neman kujerar."

Tsohuwar ta sauke tabarau. "Kin buɗe shafi na biyun ne?"

"Ban buɗe ba. Amma zan je wurinsa, kuma da ban ga sunan ba da ban je ba. Ba zan zauna a kujerar nan ina hana wasu abin da ni na raɓa ba."

"Kin san Darla za ta samu?"

"Na sani."

Geraldine ta ɗauki biro. "Dole in rubuta wannan, yarinya. Za a kira ki a yi tambayoyi."

"Ki rubuta. Zan amsa."

Wendell a gidan ƙanwarsa yake yanzu, can gefen tafki. Shi ya buɗe ƙofar. Ya rame, hular ulu har gira, girar ma babu.

"Noreen..."

Ta dafa ƙarfen barandar.

"Fayil ɗina ya iso teburinki ke nan," ya ce a hankali. "Ke kika taɓa gaya mini wata shida yake ɗauka. Kullum ina lissafi."

"Kana lissafi? Wendell, ka bar kwamfuta ta gaya mini abin da bakinka ya kasa?"

"Kullum cikin labarin masu mutuwa kike, masoyiyata. Na ƙi ki dawo gida ki tarar da wani a gadonki."

"Wa ya ce maka masu mutuwa kawai nake rubutawa? Wasu shekara ashirin muna bibiyarsu, suna nan daram, har da jikoki! Da ka tambaye ni!"

Ya sunkuyar da kai. "To kin ga komai ai."

"Sunanka da ranar haihuwarka kawai na gani."

"Ba ki karanta ba?"

"Ba nawa ba ne. Sai in ka ba ni."

Idonsa ya cika. Iskar tafkin na kaɗa su, shi ba ko rigar sanyi a jikinsa.

"Ba labari mai daɗi ba ne duka, Noreen."

"Ban zo zaɓe ba."

Ya matsa gefe, ya buɗe ƙofar sosai.

"Ta ina zan fara?"

Ta kakkaɓe takalmanta ta shiga, ta kama hannunsa mai sanyi ta rufe da nata biyu.

"Daga ranar da likita ya gaya maka," ta ce. "Ranar da ya kamata a ce ina zaune a gefenka."