Kwamfutar Yaya Fatihu

Kafin ruwan dam ya ci Yaya Fatihu, har da jakar kwamfutarsa, ya haɗa wata 'yar na'ura a ɗakin Inna. Da zarar kwamfutar ta shigo gida, sai na'urar ta kwafe aikinsa ta iska, ta adana. Ƙarfinta bai wuce zaure ba.

Ran sadakar arba'in, bayan magariba, ƙanwarsa Ramlat ta ga fitilar na'urar tana ƙiftawa. Ta duba wayarta: kwamfutar ta shigo, ana adanawa.

Ƙarnin laka ya cika tsakar gida. Aka yi sallama, muryar kamar ta mai kurkure baki.

"Wa nake ji kamar yayanki?"

Ramlat ta damƙe zanin Inna. "Don Allah kar ki amsa."

"Ai na amsa a zuci, 'yar nan."